Yadda aka yanke min tumbi a Alkahira, da abin da ya biyo baya

Tunda na rame tambaya iri biyu ake min, masu kunya su ce "wane shayi kike sha ne", marasa kunya kuma su zagaya ta baya su tambayi ƙanwata wai ko lafiya nake. To ba shayi ba ne, kuma lafiyata ƙalau alhamdulillah, tiyata aka min aka rage min tumbi. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya-ɗaya a waya har kunnena ya yi zafi, shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta, mai buƙata ya ɗauka.

Ni dama tun ina budurwa ba siririya ba ce amma haihuwa ce ta ƙarasa ni. Duk jegon da na yi sai na ƙara, ga kunun kanwa ga gasasshen nama ga zaman waje ɗaya har arba'in ana ce miki ki ci dan yaro ya samu nono, kuma abin da ya hau ba ya sauka. Mutane kuwa sai yabo, "kai maigida ya iya kiwo", "Hajiya an zama manyan mata". Babu wanda yake ganina da daddare lokacin da nake minshari numfashi ya ɗauke in farka a firgice ina haki, da safe in tashi kai na sarawa kamar ban kwanta ba. Ina shekara 38 na koma sallah a kujera saboda gwiwa. Hawan jini ya shigo, suga ta biyo baya aka ɗora ni a kan metformin. Ranar da likitana na nan Kano ya ɗora ni a sikeli kilo 128 ne, tsawona kuma mita 1.62.

Shi ya koya min lissafin da suke ce wa BMI, kuma kowa zai iya yi a wayarsa: ki ninka tsawonki a mita da kansa, sai ki raba nauyinki da abin da ya ba ki. Nawa ya fito kusan 49. Yace ƙa'idar da aka daɗe ana bi, wadda aka fitar a Amurka tun 1991, ita ce ana yi wa mutum tiyatar in ya kai 40, ko 35 in akwai ciwo irin suga ko hawan jini, amma a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sauko da ita zuwa 35 ko babu ciwo, har ma 30 ga mai sugar da ta ƙi jin magani. Kenan ni ta kowace ƙofa aka bi na shiga. Kuma kar wata tace ban gwada wani abu ba, shayin ramewa na 'yan Instagram na sha har na gode Allah, gudawa kawai yake sa ki, ruwan ɗumi da lemon tsami, daina cin dare, zagaye unguwa da asuba, duk na yi, in sauke kaɗan ya dawo da ribarsa. Allurar Ozempic ma na yi ta wani lokaci kuma gaskiya tana aiki, sai dai duk sati ce, ga tsada, kuma ina dainawa yunwa ta dawo inda take.

Rigimar farko a gida aka yi ta. Hajiyarmu tace "ke 'yar nan, lafiyarki ƙalau za ki ɗauki ƙafa ki kai kanki a yanka ki? Duk danginmu haka muke." Nace Hajiya ai shi yasa duk danginmu muke shan maganin suga. Ba ta ji daɗin maganar ba sam, sai da Yaya babba ya zo ya zauna da ita. Baban yara shi tsoronsa ɗaya kar in tafi ban dawo ba, shi ya je ya tambayi malaminsu ko wannan canza halitta ne, malam yace in dai likita ne ya tabbatar akwai cuta to neman magani ne, ba kwalliya ba.

Ana yin aikin a Najeriya, akwai asibitocin kuɗi a Abuja da Legas da suke yi, wasu kuma su tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya. Mu Masar muka zaɓa dan ɗan Yayana yana karatu a Azhar, ga masauki ga tafinta a gida, kuma lokacin da muka buga lissafi bambancin kuɗin ba wani mai yawa ba ne, duk da dala ta riga ta haukace tun da aka saki naira a 2023. Anan zan ɗan tsaya in yi magana a kan ejan-ejan ɗin nan masu tallar "biza da otal da tiyata duk a kuɗi ɗaya". Na yi magana da wasu daga cikinsu, wallahi babu wanda ya tambaye ni ko ina da suga ko wane magani nake sha, tambayarsu ɗaya yaushe za ki turo rabin kuɗi. Duk wanda zai sa miki ranar tiyata bai ga takardar gwajinki ko ɗaya ba, ki rabu da shi.

Yawancin gwaje-gwajen a nan na yi kafin in tafi. Jini kala-kala, gwajin suga na wata uku, na zuciya, sikanin ɗin ciki wanda ya nuna hantata ta tara kitse, sai kuma endoskofi, wato a zura miki siririn bututu mai kamara ta baki a leƙa cikin tumbi. Na ji tsoronsa fiye da kima amma an ɗan sa ni barci, kafin in ankara an gama. Anan aka gano ina da ƙwayar H. pylori, wadda take jawo olsa, kuma wai ta yi yawa a ƙasashenmu, sai da na sha haɗin magunguna na sati biyu aka sake gwadawa aka ga ta mutu. Bayan nan sai abincin rage hanta na sati biyu kafin aiki: ba tuwo ba shinkafa ba burodi ba suga ba mai, daga romo sai ƙwai sai kifi sai ganye sai madara marar kitse. Dalili kuwa, hanta tana kwance ne a saman tumbi, dole likita ya ɗaga ta kafin ya ga wajen aiki, in ta kumbura da kitse ɗagawar tana wuya har tana iya tsagewa ta yi jini. Wannan sati biyun na fi kowa masifa a gidan, yara da sun hango ni sai su canza hanya.

A Alkahira likitan ya zana min aiki iri biyu a takarda, ɗan Yayana yana fassara. Na farko shi ne siliv, a yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage ya zama siririn bututu kamar ayaba, kuma ɓangaren da ake cirewa a nan jiki yake yin mafi yawan sinadarin da yake sa mutum jin yunwa. Na biyu baifas, a ware 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi a jona ta da hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Baifas ya fi ƙarfi a kan suga kuma shi ake so ga mai ƙwannafi sosai, amma ya fi jawo ƙarancin bitamin kuma in kin sha zaƙi zai iya juya ki, gumi da jiri da bugun zuciya da gudawa. Ya tambaye ni ƙwannafi nace jefi-jefi, endoskofi ma bai nuna komai a wajen ba, sai muka tsaya a siliv. Ya maimaita min sau biyu cewa abin da aka yanke an yanke, ba ya komawa. Ɗan Yayana ya juyo yace "Gwaggo kin ji fa abin da yace", nace na ji, ka ce masa bismillah.

Ita tiyatar kanta ba ni da dogon labari a kanta dan barci nake. An hana ni ci da sha tun dare, an sa min wata doguwar safa mai matse ƙafa, an tura ni ɗakin tiyata ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, likitan sa barci yace in ja numfashi, shikenan. Ba a farke ciki ba, ƙananan huji biyar aka yi aka hura cikin da iska aka shiga da kamara, aka yanke aka ɗinke da wasu ƙananan ƙarafa da suke zama a jiki har abada. Awa ɗaya da wani abu aka ce min an yi.

Farkawar ce ba daɗi. Ƙishi kamar in mutu kuma ba a ba ki ruwa sai dai a jiƙa miki leɓe, ga tashin zuciya, ga wani ciwo a kafaɗa da ya fi na cikin ma damuna, har nake cewa ko sun yar da ni ne a can, ashe iskar da aka hura ce take taɓa wata jijiya sai a ji shi a kafaɗa. Maganinsa tafiya. Tun a yammacin ranar nas ta tashe ni tsaye, ina jan sandar ledar ruwa ina zagaye baranda ina harararta, ita kuwa ko a jikinta. Tafiyar tana hana jini daskarewa a ƙafa, wanda in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa, shi yasa ma aka haɗo ni da allurar Clexane da nake yi wa kaina a fatar ciki kullum har bayan na dawo gida. Washegari aka ba ni wani ruwa mai ɗaci na sha aka ɗauki hoto dan a ga ko ɗinkin yana yoyo, da aka ga babu sai aka ba ni ruwa a ɗan mitsitsin kofi aka ce in dinga kurɓa. Yoyon ɗinki shi ne babban abin tsoro a makonnin farko, kuma sun rubuta min alamunsa: bugun zuciya ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu mai ƙaruwa, numfashi sama-sama. In kin ga haka asibiti za ki nufa a daren, ba jiran gari ya waye ba, ba kuma tambaya a guruf ɗin WhatsApp ba. Saboda haka ba mu yi saurin hawa jirgi ba, sai da muka ƙara kwanaki ya sake duba ni. Kafin mu taho Baban yara ya nace sai an ba mu cikakken rahoton aikin da Turanci da hatimin asibiti, lokacin har ina ganin ya cika naci, amma takardar nan ita duk likitan da na gani a Kano yake fara tambaya.

To a gida aikin gaske ya fara. Sati biyun farko ruwa-ruwa ne zalla, romon kaza da aka tace aka kwashe man, madara, kindirmo da aka tsinka, garin furotin da na taho da shi. Sai a koma abin da aka niƙa a bulanda, sai mai laushi, sai wajen sati na shida kafin a fara taɓa abinci sosai. Cikina ba ya jin yunwa ko kaɗan, amma idona da hancina ba a yi musu tiyata ba. Ranar da aka yi waina da miyar taushe a gidan na shige ɗaki na kulle na yi kuka mai isata, nace ni wa ya aike ni. Duk wadda na sani da aka yi wa aikin nan ta yi irin wannan kukan a watan farko, yana wucewa, amma gara ki san da zuwansa.

Ruwa ma sai da ya zama aiki. Ana so ki sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana amma kurɓa-kurɓa, in kin kwankwaɗa sai ya tsaya miki a ƙirji ya dawo, ni kuma na faɗo daidai zafin Kano na watan Afrilu, har sai da aka kwantar da ni aka ƙara min ledar ruwa saboda jiri. Sannan ba a haɗa ci da sha, sai ki bar rabin awa tsakani, mu kuwa da muka saba kora kowace loma da ruwa wannan ba ƙaramin horo ba ne. Lemon kwalba kam an yi sallama.

Abin da takardar asibitin can ba ta gaya min ba shi ne me zan ci a Kano, dan duk abincinsu suka lissafa. Da wata likitar abinci a nan muka zauna muka fassara shi zuwa tukunyarmu. Ana neman furotin giram 60 zuwa 80 a rana, ƙwai ɗaya kuma kusan giram 6 ne kawai, kin ga akwai aiki a gaban mai cikin da cokali biyar yake cika shi. Alale ya cece ni, da awara wadda ba a soya ba a jefa ta a miya, da kifi, da farfesun kaza da ya dahu luguf, da kindirmo ba suga, da wake da aka cire masa ƙaiƙayi ya nuna sosai. Dokar ita ce ki fara da naman ko ƙwan, sai ganye irin zogale ko alayyahu, in da sauran waje sannan ki taɓa tuwo. Tuwon shinkafa da burodi har yau ba ma shiri, loma biyu sai in ji kamar an danna min dutse a ƙirji, yawu ya dinga taruwa har sai na amayar. Tsire da kilishi sai da aka yi watanni, shi ma da tauna kamar ba gobe. Amma ga inda mutane suke faɗawa: fura da nono da suga, kunun aya, zoɓo mai zaƙi, cincin, biskit, askirim, duk waɗannan suna wucewa salin-alin ba sa tsayawa ko'ina, mutum zai iya yini yana tsotsarsu ya mayar da duk abin da ya sauke alhali an yanke masa tumbi. Na ga wadda hakan ta faru da ita.

Sai mutane. A gidan biki a cika miki faranti ki ci cokali uku ki ajiye, sai ki ji "au, abincin namu ne bai miki ba?" Gidan surukai ya fi wuya dan can ba a musu. Da farko ina ɓoyewa ina cewa olsa ce, daga baya na ga ɓoyon ya fi jawo surutu, dan da ramar ta fito sosai har ciwon zamani an laƙaba min a unguwa, wasu suka ce kishiya za a min, wasu suka ce sammu. Yanzu kai tsaye nake faɗa, an min tiyata cikina kaɗan yake ɗauka, ki zuba min a leda in tafi da shi. Masu cewa na bi hanya mai sauƙi kuma ba na ma tanka musu.

Ta fannin lafiya abin ya zo da sauri fiye da yadda na zata. Tun kafin nauyin ya sauka sosai suga ta daidaita, likitana ya dakatar da metformin, maganin hawan jini ma ya rage shi da na fara jin jiri in na miƙe. Shi ya rage fa, ba ni ba, kar wata ta karanta ta je ta zubar da maganinta. Minshari ya tafi, na koma sujjada da goshina a ƙasa. Wajen wata na uku zuwa na shida kuma gashi ya dinga zuba, mai kitsona har tausayina take ji, daga baya ya tsiro. Bitamin kuwa na har abada ne, na haɗi guda ɗaya kullum, da kalsiyam da bitamin D, da maganin ƙarin jini, da allurar B12 lokaci-lokaci, kuma ba a haɗa kalsiyam da na ƙarin jini a lokaci ɗaya dan ɗaya yana hana ɗaya shiga jiki. Gwajin jini a wata uku, wata shida, shekara, daga nan duk shekara. Wannan kuɗi ne da ba ya cikin lissafin ejan.

Abu biyu da nake jaddada wa mata. Haɗin ciwon jiki da ake ƙulla mana a kemis ki manta da shi, yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki kuma suna iya huda sabon tumbin da gyambo, farasitamol kawai nake sha sai in likita ya rubuta wani. Na biyu ɗaukar ciki: ana so a jira wata 12 zuwa 18 bayan aiki, kuma da nauyi ya fara sauka haihuwa tana buɗewa ko ga wadda ta daɗe tana nema, dan haka ku yi maganar tsarin iyali da maigida tun kafin aiki. Azumin farko bayan aikin ban yi ba, likita ya hana saboda ba yadda za a yi in sha ruwan da jiki yake buƙata tsakanin magariba da asuba, daga baya na rama a lokacin sanyi.

Ana cikin haka wani dare bayan na ɗan taɓa soyayyen abu ciwo ya turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yana harbawa har baya, ga amai. Na tura wa likitan Alkahira saƙo, wanda da farko kafin in ajiye waya ya amsa, wannan karon shiru, ga hankalinsa can kan sababbin marasa lafiya. Likitana na nan shi ya tura ni sikanin, aka ga tsakuwa a matsarmama. Ashe saurin ramewa yana jawo ta, dan hanta tana zubo kitse da yawa cikin ruwan ɗacin sannan jakar ba ta matsewa sosai tunda ba a cin mai, sai ya dunƙule. Akwai maganin da wasu likitocin suke bayarwa na wata shida bayan aiki dan rage haɗarin, ni ba a rubuta min shi a can ba, ki tambaya da bakinki. A nan Kano aka cire min matsarmamar, ita ma ta huji, na kwana na dawo gida, kuma in aka kwatanta da na farko wannan wasa ne, sai dai 'yan makonni in na ci mai sai bayan gida ya tsinke.

Yanzu ina kilo 81, ya ɗan jima a nan ba ya gaba ba ya baya. Fata ta saki a damtse da ciki da cinya, lokacin zafi ƙasan teɓar yana yin ƙuraje sai da hoda da kula, ana cire fatar da wata tiyatar amma ni da wuƙa mu ɗan huta tukuna. Abin da yake damuna a yanzu ƙwannafi ne, wanda da jefi-jefi ne amma tun bayan siliv ya zama na kullum, ina shan omeprazole da safe, na daina ci in ya rage awa uku in kwanta, an ɗaga min kan gado da bulo. Likita ya sa min ranar wani endoskofin bayan sallah dan ya ga ko ruwan cikin ya fara cin bututun abinci, yace in ya yi yawa akwai yiwuwar a mayar da aikin baifas, kuma na riga na gaya wa Baban yara in har ta kai ga haka a Abuja za a yi, inda mota za ta iya kai ni in wani abu ya taso.